Babi na Shida: Turke a Ƙasa, Tauraro a Sama

Duk wanda ya tsaya a Riko, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Jibiya, ya buɗe taswirar da ke cikin wayarsa, zai ga wani ɗigo shuɗi yana nuna masa inda ƙafarsa take. Idan ya danna ɗigon, lambobi biyu za su fito: digiri 13 da 'yan kai ta arewa, digiri 7 da 'yan kai ta gabas. Sama kaɗan da ɗigon akwai wani siririn layi da ya ratsa taswirar. Layin nan ne ya sa ɗan Magama ke kirga naira, ɗan'uwansa na Ɗan Isa ke kirga sefa. Shi ya sa wannan ke tsayawa a shingen kwastan, wancan kuma a na duwan da jandarma, alhali harshensu ɗaya, kasuwarsu ɗaya, kuma akwai auratayya tsakaninsu tun kaka da kakanni.

Layin ya haura shekara 100 a duniya, da taurarin Allah aka auna shi. Ɗigon kuwa ɗan bana-bakwai ne, taurarin ɗan'adam ne suka haife shi. Sai dai babu ɗayansu da wata ƙasa ta iya samarwa ita kaɗai. Awon ƙasa sana'a ce da ba ta tsayuwa sai ɓangare biyu sun yarda da inda za a fara kirge. In babu wannan yarda, ko na'urar ta kai miliyan nawa, lambar da za ta bayar ba za ta raba gardama ba.

Layin da aka fara ja a takarda

A watan Agustan 1890 Ingila da Faransa suka amince cewa iyakarsu za ta tashi daga Say a bakin kogin Kwara ta dire a Barruwa a gaɓar tafkin Cadi, bisa sharaɗin duk abin da ke ƙarƙashin daular Sakkwato ya zama rabon Ingila. Waɗanda suka sa hannu ba su san inda ikon Sarkin Musulmi ya tsaya ba. Faransa ta tura wani hafsan soja mai suna Monteil, ya bi ta Say da Sakkwato da Kano da Kukawa tsakanin 1890 da 1892, ya koma da labarin cewa akwai ƙasashe a arewa da ba su taɓa yi wa Sakkwato mubaya'a ba. Bai yi ƙarya ba. Sarakunan Katsina na Haɓe da jihadi ya kora su ne suka kafa mulki a Maraɗi, shi ya sa har gobe ake kiran mai sarautar Sarkin Katsinan Maraɗi. Gobirawa kuma suka zauna a Tsibiri. An cinye ƙarni na 19 ana kai wa juna hari tsakanin Katsina da Maraɗi, dajin da ke tsakaninsu ya zama wurin da mai ƙaramar zuciya ba ya noma.

A watan Yunin 1898 aka sake zama. Wannan karon sai aka ɗauki Sakkwato a matsayin cibiya, aka zana mata baka mai nisan mil 100 ta arewa. Bisa wannan zane, Birnin Ƙonni da Maraɗi sun faɗo ɓangaren Ingila. Da Faransawa suka zo bin rabonsu daga Kwara zuwa Damagaram, sai suka tarar an bar su da hanyar da babu rijiyoyi. Tawagar haɗin gwiwa ta Kanar Elliot da Kyaftin Moll ta bi yankin a 1903 da 1904. A watan Afrilun 1904 ƙasashen biyu suka yi wani babban ciniki: Faransa ta saki haƙƙinta na musamman na kamun kifi a gaɓar tsibirin Newfoundland, wanda ke cikin Kanada a yau, Ingila kuma, cikin abubuwan da ta bayar, ta yarda a sauko da iyakar kudu. Da haka Maraɗi ta koma hannun Faransa. Aka ƙara gyara a watan Mayun 1906.

Daga nan aikin ƙafa ya fara. Tsakanin 1906 da 1908, Manjo O'Shee na Ingila da Kyaftin Tilho na Faransa suka bi layin, suka kafa turaka 148. An sa hannu kan sakamakon a Landan a watan Fabrairun 1910. Iyakar da ta kai kimanin kilomita 1,500 ke nan, wadda Najeriya da Nijar suka gada a 1960, kuma Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta yanke a taronta na Alƙahira a 1964 cewa kowa ya riƙe abin da ya gada.

Yadda suka yi awon abin dubawa ne. Dare suke jira. Mai awo zai kafa madubinsa a kan ƙafafu uku, ya saita wani tauraro, ya karanta tsayinsa daga doron ƙasa. Daga nan ake fitar da nisan wurin daga tsakiyar duniya zuwa arewa. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne nisan gabas, domin sai an san bambancin lokaci tsakanin inda ake tsaye da ɗakin kallon taurari na Ingila ko na Faransa. Ke nan sai da agogo, agogon kuma ya sha rana, ya sha ƙura, ya sha girgiza a kan 'yan dako. A daidai layin Jibiya, kuskuren daƙiƙa ɗaya tak a agogo yana gusar da wuri da kimanin mita 450. Saboda haka ba su dogara ga lissafin taurari kaɗai ba. Sun riƙa bayyana turke da abin da ido ke gani: nisa kaza daga gari kaza, a kan hanyar da ta nufi gari kaza. Turakan kansu, wasu gungumen itace ne, wasu tarin duwatsu da aka ɗame kansu da siminti, wasu ƙarfen falwayar tangarahu, kowanne da lambarsa.

Itace dai abincin gara ne. Dutse kuwa mai gini ba ya wuce shi. Hanyoyi sun kauce, ƙauyuka sun tashi. Maraɗi ma da kanta ta tashi: bayan ambaliyar gulbi ta 1945 aka mayar da garin kan tudu. Idan abin da aka yi kwatance da shi ya gusa, ina za a nemo turken da ya ɓace?

Agogon da aka rataya a sama

Amsar zamanin nan ma agogo ce, sai dai an ɗauke shi daga kan ɗan dako an kai shi sama da nisan kilomita 20,000. Kowane tauraron nuna wuri yana ɗauke da agogon atom, kuma ba ya fasa shelar abu biyu: ga ni a wuri kaza, yanzu ƙarfe kaza. Na'urar da ke ƙasa sauraro kawai take yi, ba ta aika komai. Tana lissafa lokacin da saƙon ya ci a hanya, ta mayar da shi nisa. Idan ta ji taurari huɗu, ta san gabas, ta san arewa, ta san tudu, ta kuma gyara nata agogon mai araha. Saƙon yana tafiya da saurin haske, don haka kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yana haifar da ɓatan mita 300.

Sojojin Amurka ne suka fara da GPS. An harba tauraro na farko a 1978, tsarin ya cika a 1995 da taurari 24. Bayan da Tarayyar Sobiyat ta harbo jirgin fasinja na Koriya ta Kudu da ya kauce hanya a watan Satumban 1983, Shugaba Reagan ya yi alkawarin buɗe wa farar hula amfani da shi. An buɗe, amma da gangan aka riƙa dagula siginar farar hula, har kuskurenta ya kan kai mita 100. Sai a watan Mayun 2000 Shugaba Clinton ya sa aka daina, cikin dare ɗaya awon ya gyaru ninki goma. Duniya ta yi murna, amma masu hangen nesa sun karanta darasi: hannun da ya buɗe zai iya rufewa. Rasha ta farfaɗo da GLONASS, wanda Tarayyar Sobiyat ta fara a 1982, ya sake cika a 2011. Tarayyar Turai ta fara aiki da Galileo a watan Disamban 2016. Sin ta kammala BeiDou a 2020. Indiya da Japan kowace ta gina na yankinta.

Zaman Biyana

Masu taurari huɗu, kowa da sojojinsa da sirrinsa, duk suna watsa sigina a kan duniya ɗaya: da an bar kowa da son ransa, da sai mutum ya sayi na'ura huɗu, siginonin kuma su riƙa danne juna. Babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan sararin samaniya da aka yi a birnin Biyana na Ostiriya a 1999 shi ya ɗora tubalin magance wannan. A 2004 Amurka da Tarayyar Turai suka sa hannu kan yadda GPS da Galileo za su zauna lafiya. A watan Disamban 2005 kuma aka kafa kwamitin ƙasa da ƙasa kan taurarin nuna wuri, wanda ake kira ICG, ofishin Majalisar mai kula da harkokin sararin samaniya ke riƙe masa sakatariya. Najeriya na cikin ƙasashen da ke da kujera a ciki.

Kwamitin ba shi da sanda, ba ya hukunta kowa. Abin da ya sa a gaba biyu ne: kada siginar wani ta cuci ta wani, kuma na'ura ɗaya ta iya sauraron kowa ta haɗa lissafi. Ribar tana aljihun kowa yanzu. GPS da Galileo da BeiDou duk suna da sigina a kan zango ɗaya, taurarin da ke aiki gaba ɗaya sun haura 100, kuma wayar zamani a fili irin na Riko tana iya jin fiye da 20 a lokaci guda. Ga ƙasar da ba ta da nata, yawan masu bayarwa shi ne kariya. In ɗaya ya juya baya, saura uku.

Ta fuskar koyarwa ma an yi rabo. Cibiyoyi biyu na ilmin sararin samaniya masu alaƙa da Majalisar Ɗinkin Duniya aka buɗe wa Afirka a 1998, ta masu Ingilishi a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, ta masu Faransanci a Rabat. Wato ɗalibin Katsina ya yi kudu, na Maraɗi ya tsallaka hamada. Amma a harabar jami'ar ta Ife akwai wata makaranta da ta girme su, wadda aka kafa a 1972 don koyar da awon ƙasa daga hoton sama, da sunan RECTAS, yanzu AFRIGIST. Da harsuna biyu take koyarwa, kuma Najeriya da Nijar duk suna cikin ƙasashen da suka mallake ta. Safiyo da dama na ɓangarorin biyu sun zauna a benci ɗaya a can.

Mafari biyu, ƙasa ɗaya

A nan gizo ke saƙa. Tauraro yana ba da lamba bisa ma'aunin da ya ɗauki tsakiyar duniya a matsayin mafari. Tsofaffin taswirorinmu ba haka aka yi su ba. Na Najeriya sun rataya ne ga wani turke da ke Minna, wanda masu sana'ar ke kira L40. Daga shi aka riƙa jan alwatika bayan alwatika, daga wannan dutse zuwa wancan, har aka game ƙasa, kuskure na taruwa gwargwadon nisa. Taswirorin Nijar kuwa hukumar taswira ta Faransa ce ta yi yawancinsu, bisa nata turakan da nata lissafin, daga baya kuma aka sami wani mafari a yankin Dosso da ake kira Turke na 58. Duk mai auna hatsi ya san abin da ake nufi: idan tiyar Jibiya da ta Maraɗi ba ɗaya ba ce, kowa zai iya rantsuwa cewa tiya goma ya auna, kuma a rasa cikon buhu.

A arewacin Najeriya, tazarar da ke tsakanin lissafin Minna da lambar da waya ke bayarwa ta kan kai kusan mita 80. Wanda ya ɗauki lamba daga tsohuwar takardar fili ya zuba ta a waya ba tare da juyi ba, zai je ya tsaya a tsakar gonar maƙwabci yana cewa tasa ce. A bakin iyaka kuwa, mita 80 na iya ɗauke rijiya daga wata ƙasa ta kai ta wata.

Maganin da masana suka tsayar shi ne Afirka ta koma ma'auni ɗaya. Shirin da ake kira AFREF ke nan, wanda sanarwar Windhoek ta 2002 ta ba shi ƙafa. Ginshiƙinsa tashoshi ne na dindindin: eriya a kan ginin kankare da aka kafa ya kama ƙasa sosai, na'ura mai sauraron taurari dare da rana, batir da farantin hasken rana, sai layin intanet da ke kai bayanan rumbu. Da yake an san mazaunin tashar daidai, duk kuskuren da ta gani a sigina za ta iya sanar da mai awo na kusa ya cire. Tashoshin ne kuma ke nuna cewa ƙasar da muke takawa ba a tsaye take ba: nahiyar Afirka na gusawa arewa maso gabas da kimanin santimita 2 kowace shekara, don haka awon ƙwarai sai da kwanan wata.

Ofishin Safiyo Janar na Tarayya ya fara kafa irin waɗannan tashoshi a 2008 da sunan NIGNET. An sa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, an sa a Birnin Kebbi da Yola da Maiduguri da Toro, inda cibiyar nazarin siffa da motsin ƙasa take, an kuma sa ɗaya a Kwalejin Hassan Usman da ke Katsina. Da bayanansu aka fitar da sabon ma'aunin Najeriya na 2012 mai dacewa da na duniya. Na duniyar kuwa aikin gayya ne: wata ƙungiyar sa-kai ta cibiyoyin bincike, IGS, tun 1994 take tattara bayanan tashoshi, yanzu sun haura 500, tana raba sakamakon kyauta. Afirka ce ke da ƙarancin tashoshi a cikinsu idan aka dubi girmanta. A ranar 26 ga Fabrairun 2015 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙudurinsa na farko kan wannan ma'auni na bai-ɗaya. Fiji ce ta gabatar da shi, ƙaramar ƙasar tsibirai da ke son sanin ko teku ce ke hawa ko ƙasarta ce ke nutsewa.

Safiyo a bakin gona

Manomin ƙasar Katsina bai jira tauraro ba kafin ya san iyakarsa. Yana da layin gamba, yana da aguwa da bini-da-zugu, yana da gawon da kakansa ya bari a kusurwa. In an zo rabon gado, igiya ake ja. A zamanin Turawa ma, a ƙasar Kano, malaman taki da ƙafa suke auna gona don yanka haraji. Abin da ya canza shi ne ƙasa ta yi tsada, mutane sun yi yawa, kuma hukuma da banki ba sa karɓar shaidar gamba.

Ga yadda aikin yake a yau. Safiyo zai iso da akwati biyu. Na'ura ɗaya zai ɗora ta a kan ƙafafu uku, daidai saman wani turken siminti da aka san lambarsa, ya auna tsayinta da tef, ya bar yaro yana gadi kada akuya ta ture. Ɗayar tana kan sanda mai tsayin mita 2, da ɗan kumfa a jiki da ke nuna ko sandar ta miƙe. Zai je kusurwar farko ya dasa, ya zuba wa allon hannunsa ido. Da fari lambobin na rawa, kuskure ya kai taku ɗaya ko biyu. Can sai su tsaya cak, kuskure ya dawo santimita 2 ko 3. Sannan ne zai danna. Idan kusurwar na ƙarƙashin inuwar kuka ko tsamiya mai duhu, sai ya yi haƙuri, domin ganye na tare sigina.

Amma kafin ya dasa sandar, sai ya juya ga mai unguwa: "Ranka ya daɗe, nan ne?" Mai unguwa ya dubi dattijon da ke maƙwabtaka da gonar: "Baba, ka yarda?" In Baba ya ce a matsa taku ɗaya yamma, domin gambar asali ta ƙone shekarun baya, to sai an tsaya an daidaita. Na'urar ba ta san gonar wa ba ce. Abin da mutane suka amince da shi take rubutawa, ta adana shi yadda wuta da gara ba za su ci ba. Hukumomin filaye na zamani irin su KADGIS a Kaduna da KANGIS a Kano a kan wannan awo suke ba da takardar mallaka. A Nijar kuma, dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye da ke tantance gonaki da burtali da makiyaya tare da sarakuna da manoma da makiyaya.

Abin da ke faruwa a bakin gona shi ne ke faruwa a bakin ƙasa. Kotun Duniya da ke Heg ta raba gardamar Najeriya da Kamaru a watan Oktoban 2002, ta Benin da Nijar kan tsibirin Lete a 2005, ta Burkina Faso da Nijar a 2013. A shari'ar ƙarshen nan, alƙalai sun koma ne ga wata dokar gwamnan mulkin mallakar Faransa ta 1927 da taswirar 1960 da tsofaffin turakan awon taurari na Tong-Tong da Tao. Takarda ce ta yanke hukunci. Tauraro ya zo daga baya don sauke hukuncin a ƙasa, kamar yadda tawagar haɗin gwiwa ta yi shekaru tana yi a iyakar Kamaru mai kusan kilomita 2,000. Tsakanin Najeriya da Nijar ba a kai ga kotu ba. Akwai hukumar haɗin gwiwa tun 1971 mai mazauni a Yamai, akwai hukumar iyakoki ta Najeriya tun 1987 da takwararta ta Nijar, kuma sun yi aiki tare wajen gano tsofaffin turaka, da sake gina su, da sa ƙanana a tsakani don layin ya fito fili.

Rabonmu a cikin aikin

Kayan aro ba ya rufe katara. Siginar kyauta ce, amma ta wasu ce, kuma ba don sararinmu aka ƙera ta ba. A saman yankinmu, can sama da inda gajimare ke kaiwa, akwai wani rufin iska mai ɗauke da cajin lantarki da ke jinkirta sigina. A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya ya fi tashin hankali, musamman bayan faɗuwar rana, har na'ura ta kan saki tauraron da ta kama. Lissafin gyaran da aka tsara wa Turai ba ya zama daidai a nan. Babu mai auna mana wannan sai tashoshin da ke ƙasarmu.

An taɓa nuna abin da haɗin kai zai iya. Tauraron sadarwa na Najeriya, NigComSat-1R, wanda aka harba daga Sin a watan Disamban 2011 bayan na farkon ya lalace a 2008, yana ɗauke da na'urar watsa siginar gyara. Hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ASECNA, wadda yawancin ƙasashenta masu Faransanci ne kuma Nijar na ciki, ta fara watsa siginar gwaji ta kan wannan tauraro a 2020, aka gwada saukar jirgi da ita a Lome a farkon 2021. Tauraron Abuja ke nan yana yi wa sararin Yamai hidima.

A ƙasa kuwa lissafin ya fi sauƙi. Gyaran da tasha ke bayarwa yana raguwa da nisa. Bayan 'yan gomman kilomita sai ya fara rauni, sai dai in mai awo na tsakanin tashoshi da dama da ke magana da juna. Jibiya na kusan tsakiyar hanyar Katsina da Maraɗi. Ga safiyon da ke aiki a Riko, tasha a Maraɗi za ta yi masa amfanin da ta Katsina ke yi masa, na Madarumfa a ɓangaren Nijar ma haka zai ci moriyar ta Katsina. Eriya ba ta tambayar fasfo. Abin da ake bukata shi ne hukumomin awo na ƙasashen biyu su buɗe wa juna bayanai bisa ma'auni ɗaya. Layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda aka aza tubalinsa a watan Fabrairun 2021 kuma zai ratsa ta Daura da Katsina da Jibiya, zai bi ta gonakin mutane a ɓangarorin biyu, kuma kowace diyya awo ce. Gulbin Maraɗi, da ke tasowa daga ƙasar Katsina ya shiga Nijar ya dawo ya faɗa Rima, ba a iya lissafin ambaliyarsa da tsayin ƙasa iri biyu.

Abubuwan da ke kawo cikas ba a sama suke ba. Tashoshi da dama a Afirka, har da namu, su kan yi watanni shiru saboda batir ya mutu, ko kuɗin intanet ya ƙare, ko wanda aka horar ya bar aiki. Mai ba da tallafi yana son hoton ranar buɗewa, ba ya biyan kuɗin shekara ta biyar. 'Yan bindiga sun mayar da wasu dazuzzukan Jibiya wurin da ba a shiga da sandar awo. Siyasa ma na da nata: Najeriya ta rufe boda daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, Nijar kuma ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Duk lokacin da manya suka yi fushi, zaman ma'aikatan fasaha ne ke fara tsayawa. Shirin Tarayyar Afirka na kammala shata iyakoki, da aka fara a 2007 da wa'adin 2012, an ɗaga shi zuwa 2017, aka ɗaga zuwa 2022, aka sake ɗagawa zuwa 2027.

Wasu na tsoron cewa fito da layi fili zai ƙara raba 'yan'uwa. Tsoron na da tushe idan katanga ake nufi. Amma manomin da gonarsa ta hau kan layi ya fi kowa shan wahalar rashin tabbas, domin jami'in kowane ɓangare na iya cewa ya shigo masa. Iyakar da aka auna tare, aka rubuta lambobinta a ofis biyu da ma'auni ɗaya, ita ce ke ba da damar a zauna a ce wannan rijiya ta kowa ce, wannan hanya a bar ta buɗe. Kuɗin da za a riƙe tasha ɗaya a shekara bai kai na motar babban jami'i ɗaya ba, kuma majalisar jiha na iya sa shi a kasafi ba tare da jiran Biyana ko Abuja ba.

Waɗanda suka fi kowa ratsa wannan layi ba su da takardar fili ko ɗaya. Kowace shekara garken shanu na gangarowa daga arewacin Maraɗi in kaka ta yi, su koma in damina ta faɗi. Babi na gaba zai bi burtalinsu, ya duba abin da ya faru a inda aka auna shi aka kafa masa turaka, da abin da ya faru a inda aka bar garma ta cinye shi.